Rijiya a Cikin Akwati

Shekarun baya, lokacin ina koyar da aikin hannu a wata lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, na ɗauki kaina gwani. Dalili kuwa na iya haɗa maket, wato ƙaramin samfurin gini da ake yi da kwali da katako da roba don mutane su ga abu kafin a gina shi. Na yi azuzuwan makaranta, na yi rumfunan kasuwa, na taɓa yi wa wani ɗan kasuwa gidansa har da ƙofar gareji mai buɗuwa. Idan aka yabe ni sai in ce ai ba komai ba ne, alhali a raina ina jin daga nan har Dosso babu na biyuna.

Wata rana mutanen wata ƙungiya mai aikin ruwa a karkara suka same ni. Suna shirya horo ga maginan rijiya, suna son samfurin rijiya da aka tsaga biyu daga sama har ƙasa, yadda za a ga cikinta: irin ƙasar da ake ratsawa, da zoben simintin da ake jerawa don kada bango ya rufta. Ban ko yi tunani ba na ce mako biyu ya ishe ni.

Sai da suka tafi na tuna abu biyu. Na farko, duk abin da na taɓa yi mai kusurwa huɗu ne, ban taɓa lanƙwasa roba ta zama zobe ba. Na biyu, ban taɓa shiga rijiya ba. Mutum ɗaya na sani da zai iya gaya mini yadda cikinta yake, shi ne mahaifin abokina, kuma shekara biyu ke nan ina gudun haɗuwa da shi.

Abokina tare muka tashi a wani ƙauye wajen Sukukutane. Ni na bi boko, shi ya bi mahaifinsa ginar rijiya. Shekara biyu kafin wannan aikin, rijiya ta rufta da shi. An yi kwana biyu ana tono, duk inda aka taɓa bango sai ya ƙara zubowa, har mai gari da liman suka ce a tsaya kada a ƙara rasa wani. Aka yi masa salla a bakin ramin, aka cike. Mutane suka ce wurin dama na doguwa ne, akwai tsohuwar tsamiya kusa, an gargaɗe su ba su ji ba. Na je gaisuwa rana ɗaya na dawo. Ban sake komawa ba. Ba don ban damu ba, sai don ban san abin da zan ce wa mahaifiyarsa ba, matar da ta ciyar da mu daga ƙwarya ɗaya. Da wata ya wuce sai kunyar rashin zuwan ta hana ni zuwa, haka har shekara biyu.

Na fara da robar, ina cewa in gama da mai sauƙi tukuna. Na sayo fallen roba mai kauri kaɗan, irin wanda masu rubuta allon shaguna ke amfani da shi, na yanka shi sala-sala. Na kama na farko na lanƙwasa da hannu, sai ya yi fari a tsakiya ya karye. Na kara na biyu a kan garwashi, ya yi ƙuraje, gefensa ya naɗe, ɗakin ya cika da wari har kaina ya yi ciwo. Na tsoma na uku a tafasasshen ruwa, ya yi laushi, na naɗa shi a jikin kwalba, na ji daɗi na ce na gano. Da na sake shi sai ya buɗe a hankali yana komawa yadda yake, kamar yana yi mini ba'a. A kwana biyar na ɓata rabin robar, na ƙone yatsu uku, ban sami zobe ko ɗaya da ya yi kama da ɗan'uwansa ba.

Ranar kasuwa na aika wa tsohon, mahaifin abokina, saƙo ta hannun wani mai mota. Ban yi zaton zai zo ba. Kasuwa ta gaba, da hantsi, sai na ji sallama a ƙofar gida. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, amma hannuwan nan nasa suna nan kamar tushen itace. Na durƙusa na gaishe shi, na fara kame-kamen ba da haƙuri. Ya ɗaga hannu.

"Bari, Mushe. Kowa da yadda shika ɗaukar abu. Gwada min aikin."

Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, yake ce mini tun da na zama malamin lakwal, rabi girmamawa rabi tsokana. Na kai shi rumfar da nake aiki. Na riga na haɗa akwatin katako mai tsawo, ya kai ƙuguna, gabansa gilashi, na zana layukan ƙasa a takarda kamar yadda na gani a littafi. Ya duba takardar ya juya ta.

"Wanga ƙasar wane gari ce?"

Na ce daga littafi na ɗauko.

"To, mai littahin bai taɓa gina wajenmu ba."

Ya zauna a kan benci ya fara lissafa mini, yana auna akwatin da yatsunsa. Gaba biyu na farko jar ƙasa ce mai tauri. Sai tsakuwa. Sai yumɓu mai tsawo, wanda yake riƙe kansa ko ba a yi masa komai ba. Daga gaba goma sha biyar sai farin yashi, mai laushi kamar gari, wanda ba ya tsayawa. Ƙarƙashinsa ruwa yake. Muka yanke kowace gaba ta zama faɗin yatsu uku a cikin akwatin.

Sannan idonsa ya kai kan tarin robar da na ɓata. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ɗauki wata ya matsa.

"Wuta kake kara mata?"

Na ce na gwada wuta, na gwada ruwa.

"Wuta na cin waje guda ta bar wani. Ruwa kuma da ka hidda ta ya huce. Ka samu yashi ka soya. Shi in ya ɗauki zahi ba shi saki da wuri, kuma ko'ina shika matsawa daidai."

Na so in ce masa ai roba ba ƙasa ba ce, amma ba ni da bakin magana da yatsuna uku a ɗaure. Muka tankaɗe yashi, muka zuba a tsohon kaskon tuya, muka ɗora a murhu yana juyawa har ya ce ya isa. Ya sa na binne guntun roba a ciki, muka ƙirga kaɗan, na zaro shi da tsumma ya yi laushi kamar fata, ba ƙuraje ba wari. Na naɗa shi a jikin wani guntun bututun ƙarfe, na ɗaure da tsummoki, muka mayar cikin yashin, muka sauke kaskon. Ya ce kada in taɓa sai yashin ya huce da kansa. Muka zauna muna jira. Da na kwance, robar ta tsaya cak a lanƙwashe. Ta ɗan buɗe kaɗan, sai ya ce gaba in nemi bututun da bai kai faɗin da nake so ba, don ta buɗe ta zo daidai. Haka kuwa aka yi.

Ya riƙa zuwa duk ranar kasuwa. Mako biyun da na yi alkawari ya zama biyar. Na yi zobe ashirin da wani abu, na tsaga kowane biyu, na shafa musu fenti ruwan toka. Shi ya kawo mini ƙasar da kansa a cikin ƙullin leda, kowace iri daban, daga bakin rijiyoyin da ya gina. Ba ya yarda da kusan daidai. Akwai ranar da ya sa na kwashe yumɓu duka saboda ya ɗara da faɗin yatsa. Na taɓa cewa zan sassaƙa ɗan mutum in sa a ƙasan ramin don a gane girman abin. Ya ce a'a, kar a sa kowa a ciki. Ban sake tayar da maganar ba.

Ranar da muka gama, na jera zobban daga sama har ƙasa, sun manne da gilashi, ƙasa kala-kala a bayansu. Ni kaina na tsaya ina kallo. Na kawo gam zan liƙe su dindindin, sai ya riƙe hannuna.

"Ukun ƙasa, kar ka liƙe."

Ya ɗauki wata ƴar waya ya lanƙwasa bakinta, ya zura ta sama, ya zaro zoben ƙarshe. Ya zaro na biyu. Ya zaro na uku. Farin yashin ya tsaya na ɗan lokaci, babu abin da ya riƙe shi. Sai wani siririn zare ya fara zubowa daga gefe ɗaya.

"Hakanan ta fara," in ji shi.

Ya yi maganar idonsa a kan gilashin, ba a kaina ba. Ya ce siminti ya ƙare musu a gaba goma sha biyar. Motar da za ta kawo wani ta kafe a yashi a hanya, aka ce sai bayan kwana huɗu. Rani ya yi tsanani, makiyaya na zaune da dabbobinsu suna jiran rijiyar, kullum suna zuwa suna leƙawa. Shi kuma ya ji ƙanshin danshi a ƙasar da guga ke fitowa da ita, ya san ruwa bai fi gaba biyu ba. Shekara arba'in yana wannan aiki, ya san ba a shiga farin yashi ba zobe. Ya ce wa ɗansa ya sauka.

"Yac ce min, Baba, mu jira mota. Nic ce sauka, ni na san ƙasa. Ya sauka. Ya cika guga shida. Sai yak kira ni daga ƙasa, yac ce, Baba, bango na zuba. Nic ce cika wanga guda ka hito."

A cikin akwatin zaren yashin ya yi kauri. Sai gefen duka ya sulale lokaci ɗaya, ƙasan ramin ya cike, ƴar ƙura ta tashi ta manne a gilashi. Ko ƙara bai yi ba.

"Igiya na hannuna. Na ja, ba ta zo ba."

Na ce Allah ya riga ya rubuta, kwanansa ne ya ƙare. Ya ce ya sani. Ya ce maganar doguwa ba shi ya fara ta ba, amma da ya ji mutane na yi bai hana ba, don ta fi masa sauƙi. Wanda ke taya shi jan guga ya tafi ɗebo ruwan sha a lokacin, babu wanda ya ji abin da shi da ɗansa suka ce wa juna sai shi.

Sannan ya roƙe ni abu ɗaya. Kafin in miƙa wa masu shi, in kai akwatin ƙauye, yana so ya gwada wa matarsa. Ya ce ya yi ta ƙoƙarin gaya mata da baki, maganar ba ta fitowa. Amma yau da abin a gabansa ta fito.

Da na yi tunani ko na minti biyar ne, wataƙila da na ce a'a. Ban yi ba. A gaskiya har wani daɗi na ji, wai aikina ya buɗe bakin da ya shekara biyu a rufe. Na ga kaina a matsayin mai gyara gida.

Bayan kwana biyu na naɗe akwatin da bargo, na ɗaure a bayan moto, wato babur ɗina, na kama hanya. Wanda ya san hanyar Sukukutane ya san yashinta. Sau uku ina sauka in tura, kowane lokaci ina duba gilashi. Na isa bayan azahar. Mahaifiyar abokina tana tsakar gida tana tsince wake. Da ta gan ni ta ajiye faifai, ta kama hannuna biyu, ta ce, "Ɗana, ashe kana tuna mu." Ba ta yi mini gori ba ko da kalma ɗaya. Ta dama mini fura, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Muka ajiye akwatin a inuwar rumbu, na gyara ƙasar da ta motsa a hanya, na mayar da zobban. Ta zo ta tsuguna tana kallo, har da murmushi. Ta ce ashe haka cikinta yake, shekara da shekaru tana aure da magini ba ta taɓa gani ba. Ta sa yatsa a kan gilashi tana bin layukan ƙasa.

Tsohon ya ɗauki wayarsa. Ya zaro zobe uku. Ya faɗa mata duk abin da ya faɗa mini, bai rage ba, har da guga shida, har da kiran da aka yi daga ƙasa. Yashin ya zubo ya cike ramin a gaban idonta.

Ta daɗe yatsanta na kan gilashi, daidai wurin da ya cike.

"Nan shike?"

Ya ce nan.

"Tsaye ko duƙe?"

Ya ce bai sani ba. Duhu ne a ƙasa, murya kawai yake ji.

Ta juyo gare ni. "Kai da ka yi abin ga, ina gabas a ciki?"

Na ce, "Inna, ban sa gabas ba." Ban taɓa jin aikina ya yi mini ƙanƙanta kamar lokacin ba.

Ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Shekara biyu ina tsine wa abin da ban gani ba. Tsamiyar can ko hanyarta ban bi. Ashe wanda yac ce mishi cika guda, ni ka tuƙa mishi tuwo safe da marece."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Tsohon ya zauna a ƙasa, wayar na hannunsa. Na tsaya kamar an dasa ni, na rasa ko in yi sallama ko in zauna. Daga baya shi ya taimaka mini na ɗaure akwatin. Ya ce in yi sauri kada rana ta faɗi mini a hanya, ya yi mini godiya.

Bayan mako guda na ji ta tafi gidan ƙanenta a Dumega. Manya sun shiga tsakani, liman ya je da kansa. Ta ce ba ta nemi saki ba, ba ta kuma kai ƙararsa ko'ina ba, kawai ba za ta iya miƙa masa ruwa ba. Ba ta dawo ba.

Na miƙa akwatin ga masu shi. Sun yaba ƙwarai, kuma abin da ya fi burge su shi ne zobban da ake zarewa. Suka ce dabara ce babba, suka tambaye ni yadda na yi tunaninta, na yi shiru suka ɗauka tawali'u ne. Ranar horon an tara magina kusan cikin aji guda. Mai koyarwa ya zaro zobe uku, yashi ya rufta, wasu suka yi dariyar mamaki, wani ya ce a maimaita. Aka kwashe aka maimaita. Sau huɗu aka yi a gabana. A na biyar na fita waje. An gayyaci tsohon, bai zo ba.

Bai sake gina rijiya ba. Ya zauna shi kaɗai a gidan, matar maƙwabci na aika masa abinci. Na riƙa zuwa duk wata, wannan karon ban gudu ba. Ba ma maganar abin. Sau ɗaya na ce masa da na sani da ban kawo ba. Ya ce ba ni na ce a cika guga ba, in bar ɗaukar kayan da ba nawa ba. Ya ce yanzu ko ba komai yana barci. Damina biyu bayan haka ya rasu, zazzaɓi na kwana uku. Matarsa ta zo, ta yi takaba a gidan kamar yadda addini ya ce, da ta gama ta koma Dumega.

Can na same ta daga baya. Ta tsufa ƙwarai. Ta karɓe ni kamar da, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Da zan tafi na tattara ƙarfin hali na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Ba ka yi ƙarya ba, ɗana, mi zan yahe? Shi ma na yahe mishi kahin a ɗauke shi, na faɗa a kunnensa ko shina ji ko ba shi ji." Sannan ta ce, "Sai dai ka iya aikinka da yawa. Da da baki yag gaya min, da na ji, wata rana in manta yadda anka faɗa. Amma ka sa na gani. Da can in na tuna shi, huskarsa nika gani. Yanzu yashin nan nika gani shina zuba."

Na miƙe. Ta raka ni har ƙofa.

An gaya mini akwatin ya yi yawo ƙauyuka da dama, kuma akwai maginan da suka ƙi shiga farin yashi ba zobe saboda sun gani da idonsu. Ina fata haka ne. Wani lokaci ina riƙe wannan in ce aikin ya yi amfani. Wani lokaci kuma in tuna cewa gidan da na tarar da mutum biyu na cin abinci tare, na bar shi da mutum ɗaya, kuma a bayan motona na ɗauko abin da ya raba su. Ban iya haɗa waɗannan biyun su zama lissafi ɗaya ba, na kuma daina ƙoƙari.

Abin da na sani shi ne ranar da tsohon ya roƙe ni, shi na duba, na kuma dubi kaina. Ita ban tambaye ta ko tana son gani ba. Tana nan da rai har yanzu, a Dumega. Ina zuwa gaishe ta duk salla, kuma ba ta taɓa barina na tafi ban ci abinci ba.